Matar Aure Da Karatun Jinya: Yadda Za Ki Zaɓi Makaranta Ba Tare Da Kin Yi Asara Ba

 

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi tambayar da ke yawan fitowa daga bakin matan aure masu sha'awar komawa karatu: shin za a iya koyon aikin nas ko unguwarzoma daga cikin ɗaki ta intanet, kuma wace makaranta ce mai sauƙin kuɗi? Tallace-tallace sun cika wayoyinmu, wannan ya ce wata shida, wancan ya ce digiri daga Amurka. To, kafin ki sayar da ɗan kunnenki ko ki kwashe adashinki, zauna mu yi lissafi tare.

Matsayin wannan ilimi a Musulunci

Malamai sun sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato idan wasu suka ɗauke an sauke wa kowa, idan kuwa aka rasa mai yi, laifin ya hau kan al'umma gaba ɗaya. Imamu Gazali ya yi wannan bayani a cikin Ihya'u Ulumiddin. A zamanin Manzon Allah (SAW), Rufaidatul Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) bayan an harbe shi a yaƙin Khandak, shekara ta 5 bayan Hijira.

Dubi halin da muke ciki yau. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a sanadin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai na haihuwa ƙwararriyar ma'aikaciya ko likita ke karɓa. Kowa ta san yadda mace kan ƙi zuwa awo, ko maigida ya hana, saboda namiji za a tarar. Ai kin ga maganin wannan kuka shi ne mu da 'ya'yanmu mu shiga aikin.

Mene ne wannan kwas na Amurka da ake talla?

A Amurka akwai wani matsayi na babbar nas mai duba iyali. Tana ganin marar lafiya, ta tura shi gwaji, ta rubuta magani. An fara horon manyan nas-nas masu duba marasa lafiya a 1965 a Jami'ar Kolorado, a hannun wata nas mai suna Loretta Ford da likitan yara Henry Silver, saboda ƙarancin likitoci a karkara. Gaskiya ne jami'o'i da dama na can suna koyar da shi ta intanet. Amma sharaɗin shiga shi ne mace ta riga ta zama nas mai lasisin aiki a Amurka, sannan ta yi digiri na biyu ko na uku, kuma dole ta yi aƙalla awa 500 tana duba marasa lafiya a gaban mai sa mata ido. Kuɗin da dala ake biya. Saboda haka wadda ke zaune a Tudun Wada ko Gyallesu da takardar sakandare, wannan kwas ba nata ba ne tukuna, komai daɗin bakin mai talla.

Abin da ya fi kusa da shi a wajenmu shi ne jami'in lafiyar al'umma, wato CHO, wanda ke jagorantar ƙananan asibitocin unguwa da na ƙauye. Asibitocin koyarwa ne ke ba da wannan horo, ga waɗanda suka riga suka yi karatun lafiya suka yi aiki.

Ka'ida ta farko: hannu ba ya koyo ta waya

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana tura jajis ƙauyuka su kai wa 'yan taru karatu har inda suke. Amma akwai ilimin da ake ji da kunne, akwai wanda sai an kama da hannu. Sa ruwa a jijiya, gane kwanciyar ɗa a ciki, tsayar da jini bayan haihuwa, waɗannan sai a gaban gado, malama na tsaye a kanki. Don haka a Nijeriya karatun farko na zama nas ko unguwarzoma sai an je makaranta da asibiti. Karatun intanet na ƙarin digiri ne ga wadda ta riga ta samu rajista. Duk wanda ya ce zai mayar da ke nas daga farko ta waya zalla, riƙe kuɗinki.

Hanyoyin da ke gabanki

Idan takardar sakandare ce a hannunki, abin da ake nema a yawancin wurare shi ne kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Idan da giɓi, fara cike shi. Shi ne mataki mafi arha kuma ba a tsallake shi.

1. Karatun nas na asali, shekara 3, ko na unguwarzoma, shekara 3. Makarantu da yawa sun koma tsarin difloma ta ND da HND, ana shiga ta JAMB. Asibitin koyarwa na ABU, wanda ya daɗe a nan Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005, yana da makarantun horar da nas da unguwarzoma. Akwai ta asibitin St. Luke's a Wusasa, akwai kuma kwalejin jihar Kaduna mai hedikwata a Kafancan.

2. Unguwarzomar karkara, shekara 2, wadda aka tsara don mace ta koma ta yi wa garinsu aiki.

3. Ma'aikaciyar lafiyar al'umma: JCHEW shekara 2, CHEW shekara 3. Makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ta daɗe tana yaye irin waɗannan.

4. Digirin jinya a jami'a, shekara 5, kamar na ABU.

5. Idan kuwa ke nas ce mai rajista, a nan ne intanet zai yi miki rana. Cibiyar karatu daga nesa ta ABU da buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, suna ba da digirin jinya ga masu rajista. Kina aikinki, kina gidanki, kina karatu, sai dai za ki fita jarrabawa da aikin asibiti.

Tambayoyi biyar kafin ki biya ko sisi

Ta farko: wa ya amince da makarantar? Hukumar nas-nas da unguwarzoma ta ƙasa, NMCN, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita ke ba da lasisi, kuma tana fitar da jerin makarantun da ta amince da su. Masu CHEW da JCHEW nasu hukumar daban ce, CHPRBN, wadda aka kafa a 1992. Digiri kuma sai da amincewar NUC, difloma sai da ta NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna. Kada ki tsaya ga takardar da aka manna a bangon ofis. Sa a buɗe miki shafin hukumar ki ga sunan makarantar da idonki, ki kuma ga cewa kwas ɗin da kike so yana cikin abin da aka amince. Makaranta kan samu izinin kwas ɗaya ta riƙa karɓar kuɗin uku.

Ta biyu: za a shigar da sunanki a rajistar ɗalibai ta hukuma? Kowace makaranta tana da adadin da aka yarje mata ta ɗauka. Idan ta zarce, ragowar ɗalibai sukan yi shekaru suna biyan kuɗi, ranar jarrabawar hukuma a ce babu sunansu. Tambayi adadin da aka ba su da yawan da suka ɗauka bara.

Ta uku: a wane asibiti ake aikin koyo, kuma wa ke nemo gurbin? Idan aka ce ke za ki nemo wa kanki, ki san akwai wahala da kashe kuɗi a gaba.

Ta huɗu: mutum nawa suka zauna jarrabawar hukuma bara, nawa suka ci? Makarantar kirki ba ta jin nauyin wannan tambaya. Nemi tsohuwar ɗaliba ki ji daga bakinta.

Ta biyar: nawa ne kuɗin gaba ɗaya, daga fom har lasisi? A ba ki a rubuce, kuma ki biya ta asusun makaranta a banki, ki karɓi rasit. Kada ki tura kuɗi asusun wani mutum da ya ce zai samo miki gurbi.

Kada ki ɗauka tsoratarwa ce kawai. A Janairun 2023 hukumomin Amurka sun bankaɗo wasu makarantu a jihar Fulorida da suka sayar da takardun jinya na jabu sama da 7,600, waɗanda suka saya da yawa suka rasa lasisinsu. A Disambar 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Binin da Togo a Janairun 2024. A nan kusa da mu kuma akwai masu koyar da abin da ake kira nas ɗin ogzilari a bayan kemis ko ƙaramin asibiti, a ɗinka wa yarinya farin kaya bayan wata shida. Hukuma ba ta ba da lasisi a kan wannan. Ranar da allura ta yi kuskure, ran mutum ne a wuyanta, duniya da lahira.

Yadda ake lissafin arha

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ɗauki takarda da biro ki rubuta: kuɗin fom da JAMB, kuɗin makaranta na kowace shekara, yunifom da takalmi, littattafai, kayan aiki, rajistar hukuma, kuɗin jarrabawa, kuɗin mota zuwa asibiti kullum, da ladan mai riƙe miki yara. Mai karatun intanet ta ƙara da data, kwamfuta ko babbar waya, cajin sola ko man janareta, da kuɗin zuwa cibiyar jarrabawa. Ki ninka da yawan shekarun. Sau da yawa za ki ga makarantar da ke kusa da gida ta fi wadda kuɗinta ya yi ƙasa amma tana wani gari, don haya da abinci za su cinye bambancin.

Makarantun gwamnati sun fi sauƙi, sai dai gurbi ya yi kaɗan, don haka ki nemi fiye da ɗaya. Tun 2024 akwai asusun NELFUND mai ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa. Tambayi ko makarantarki na ciki. Bashin da ke da ruwa kuwa ki nisance shi, riba haramun ce, kuma alheri ba ya tsayuwa a kanta. Adashi, gudummawar dangi da tallafin karatu na jiha ko ƙaramar hukuma sun fi albarka. Reshen ƙungiyarmu ma zai iya haɗa hannu ya ɗauki nauyin yarinya ɗaya daga unguwa, da sharaɗin ta dawo ta yi wa unguwar aiki. An gwada irin wannan a shirin Mata Don Lafiya da Birtaniya ta tallafa daga 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, inda aka riƙa ɗauko matan karkara, har da matan aure, ana cike musu giɓin takardu kafin su shiga makarantar unguwarzoma.

Maganar gida

Ya ke 'yar uwa, karatun nan yana da aikin dare, yana da fita da sassafe. Zauna da maigida tun kafin sayen fom, ki faɗa masa komai: shekaru nawa ne, nawa za a kashe, wa zai kai yara makaranta, yaya za a yi da ranar girki idan kuna da abokiyar zama. Yardar da aka samu a kan cikakken bayani ita ce ke ɗorewa. Wadda aka samu a kan ɓoye-ɓoye takan karye a shekara ta biyu, bayan kuɗi sun riga sun tafi. Ki sanar da uwar miji da iyayenki, don ranar da yaro zai yi zazzaɓi kina bakin aiki su za ki nema.

Tambayi makaranta game da sutura, wurin sallah, da abin da suke yi wa ɗalibar da ta samu ciki ko take goyo. A makarantu da yawa akwai jarrabawar tankaɗe a watannin farko, wadda ta faɗi takan koma gida, saboda haka ki shirya wa waɗannan watanni sosai, ki rage biki da yawon suna. Ku kuma iyaye maza da za a karanta muku wannan shafi, wanda yake son mace ta duba matarsa a asibiti, to ya bar tasa ko 'yarsa ta koyo.

Aikin wannan wata

Ciro takardarki ta sakandare ki duba kiredit ɗinki. Rubuta makarantu uku, ki binciki sunan kowace a jerin hukuma. Yi lissafin kuɗin kowace daga farko har ƙarshe. Yi istihara, ki yi shawara da maigida, sannan ki gyara niyya: neman yardar Allah ta hanyar ceton rai da suturta 'yan uwa mata, albashi ya biyo baya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu wajen haihuwa, Ya tsare mu daga cin haram da cutar da bayinSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.