Yadda Ake Tsufar da Motar Roba da Fenti

Ƙananan motocin roba da ake harhaɗawa da gam, ana fara wanke su da sabulu, domin maiƙo yana hana fenti kamawa. Sai a shafa fenti kaɗan-kaɗan. Mai kauri yana binne zanen jikin motar.

Tsufarwar ce ke son haƙuri. Ana tsinka baƙin fenti kamar ruwan shayi, a bar shi ya gangara cikin tsaguna. Tsatsa kuwa, fenti ruwan ƙasa ake ɗanɗana wa gefen ƙofofi da guntun soso. Jar ƙasar Kano, in an tankaɗe ta aka goga wa tayoyi da busasshen buroshi, ta isa ƙura. Fetur yana lalata robar, don haka ba a kusantar da shi.