Darasi Na Goma Sha Huɗu: Wanke Kafiretar Tsohon Babur

A gidaje da yawa akwai tsohon babur jingine a zaure ko bayan rumbu. Ya shekara biyu ko uku ba a tashe shi ba. Ran da mai shi ya so ya farfaɗo da shi, sai ya zuba fetur, ya yi ta buga kik har gumi ya karyo masa, babur ya ƙi tashi. Daga nan sai ya ce inji ya mutu, ya sayar da shi a kuɗin ƙarfe. Sau da yawa kuwa injin lafiya lau yake, kafireta ce ta toshe. Yau za mu koyi yadda ake wanke ta.

Za mu yi misali da Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1975. Kafiretarsa ta kamfanin Keihin ce. Yawancin tsofaffin Yamaha da Suzuki na kamfanin Mikuni gare su, baburan Ingila kuwa, irin su BSA da Triumph, na Amal. Suna ya bambanta, amma aiki ɗaya ne. Wanda ya gane ɗaya ya kusa gane saura.

Aikin kafireta

Inji ba ya cin fetur tsura. Sai an gauraya shi da iska, kamar yadda ake dama fura da nono. Kafireta ita ce mai damu. A bisa nauyi, kilo 1 na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. In fetur ya yi yawa, babur ya yi baƙin hayaƙi, kuɗi su zube a banza. In ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, har fistan ya lalace.

Kun san famfon feshin maganin sauro. In an tura shi, iska ta wuce da sauri ta kan bakin siririn bututu, sai ta zuƙo magani daga gwangwani. Haka kafireta take. A ƙasanta akwai ɗan kofi inda fetur ke taruwa. Cikin kofin akwai wani abu mara nauyi da ke yawo a kan fetur, makanikai na ce masa fulot. In kofi ya cika, fulot ya taso ya tura 'yar allura, ta rufe hanyar fetur. Daga kofin, fetur yana hawa ta cikin waɗansu ƙananan ƙusoshin tagulla masu rami, su ne ake kira jet. Ƙaramin jet ke ciyad da inji sa'ad da babur ke tsaye yana aiki, ko an murɗa totur kaɗan. Doguwar allura ta tsakiya ke aiki daga rubu'in totur zuwa kashi uku cikin huɗu. Babban jet kuwa, nasa aikin sai an buɗe totur duka.

Abin da ke toshe ta

Fetur in ya daɗe a ajiye, mai sauƙinsa ya tashi, ya bar wani ƙaro mai danƙo da wari. Tanki kuma in ya zauna ba mai, sai ya yi tsatsa. Ga ƙurar hunturu, ga ruwa da datti da kan biyo fetur na galan. Ku duba jikin jet, za ku ga lamba. A na Keihin, ƙaramin jet mai lamba 38 faɗin raminsa bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar yashi guda ta isa ta rufe shi. Shi ya sa tsohon babur kan tashi da cok, amma da an mai da cok sai ya mutu.

Kafin a fara

Mu zaɓi wuri a fili, inda iska ke wucewa, nesa da murhu da fitila. Kada a sha taba. A kori yara. A shimfiɗa farin ƙyalle a cikin faranti, domin ƙananan kaya kada su faɗa ƙasa su ɓata. A tanadi sifana, da sukudireba wadda ta zauna daidai a kan ƙusa, da tsohon buroshin haƙori, da famfon keke, da fetur mai tsabta ko maganin wanke kafireta na gwangwani. A ajiye takarda da fensir kusa.

Tanki za mu fara wankewa. Wanda ya wanke kafireta ya bar tanki da tsatsa, ya wanke ƙwarya ne ya koma ya ɗebi ruwan kwata. A juye tsohon mai, a ɗauraye tanki har abin da ke fitowa ya yi garau. A kwance makunnin mai, a wanke 'yar rariyar da ke ciki. Kada a zuƙi fetur da baki, gama in ya shiga huhu yana yin mugun lahani.

Kwancewa

1. A rufe makunnin mai, a zare tiyo, a kwance ƙusar da ke ƙasan kofi mai ya tsiyaye cikin gwangwani.

2. A murɗe murfin sama. Wayar totur za ta fito tare da sifirin da doguwar allura. Allurar tana da tsaga-tsaga a kai, da ɗan maƙali a ɗaya daga ciki. A ƙirga ko tsaga ta nawa yake, a rubuta.

3. A kwance kafireta daga jikin inji, a buɗe kofi, a zare fulot da 'yar allurarsa, sa'an nan jet biyu. A rubuta lambar kowanne.

4. A gefe akwai 'yar ƙusa mai daidaita damun mai da iska. Kada a fitar da ita tukuna. A fara murɗa ta ciki a hankali, ana ƙirga zagaye, har ta taɓa gindi. Kada a matse. A rubuta yawan zagayen, kana a fitar da ita.

Wannan rubutu shi ne rabin aiki. Kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa.

Wankewa

A ware duk abin da ke na roba, domin maganin gwangwani yana kumbura roba. A jiƙa kayan ƙarfe, in ƙaro ya yi kauri a bar su su kwana. A goge da buroshi. A hura kowane rami da famfon keke. Sa'an nan a ɗaga jet a duba ta wajen haske. In an ga haske zagaye sosai, ya wanku.

Ku lura da wannan ƙwarai: kada a tsokane jet da allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Tagulla tana da taushi. In rami ya buɗe ko da kaɗan, babur zai riƙa shan mai fiye da ƙima kullum, ba kuwa yadda za a mai da ramin yadda yake.

A girgiza fulot kusa da kunne. In an ji mai a ciki, ya huje, sai sabo. A dubi bakin 'yar allurarsa. In ya ci, har ya yi zobe, ita ce ke sa mai zuba a ƙasa, kuma mai da ke ɗiga a kan inji mai zafi gobara yake nema. A sake ta. A sake gasket ɗin kofi in ya bushe. In robar da ke tsakanin kafireta da inji ta tsage, iska za ta riƙa satar hanya, ita ma a sake ta. Sauran kaya na asali, in ba su lalace ba, a mai da su. Da tsohuwar zuma ake magani.

A wanke soson matatar iska, a bar shi ya bushe, a shafa masa man inji kaɗan, a matse. Kada a hau babur ba matata.

Ɗaurawa da daidaitawa

A mai da kome yadda takarda ta faɗa. A buɗe mai, a jira, a duba ko yana yoyo. A tashi babur a waje, ba cikin ɗaki ba, gama hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen wuri. A bari inji ya yi ɗumi. Sai a murɗa ƙusar damu kaɗan kaɗan, rubu'in zagaye kowane karo, ana saurare, har a sami inda kukan inji ya fi tashi ya kuma daidaita. Daga nan a sassauto da ƙusar totur har inji ya riƙa bugawa sannu ba mutuwa. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci ɗaya. Wanda ya murɗa uku tare, ba zai san wanda ya gyara ba, balle wanda ya ɓata.

A yi 'yar tafiya, a dawo, inji ya huce, a kwance fulogi. In bakinsa baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa. In fari ne fat, mai ya yi kaɗan. In ruwan ƙasa ne mai haske, damu ya yi daidai. In an yi duk wannan babur bai tashi ba, laifin yana wani wuri, watakila wuta ko bawul. Sai a kai wa bakanike, a nuna masa takardar.

In za a sake ajiye babur fiye da wata guda, a rufe makunnin mai, a tsiyaye kofi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Kilo nawa na iska kilo 1 na fetur ke bukata?
2. Don me ake fara wanke tanki?
3. Don me ba a tsokane jet da allura?
4. Waɗanne abubuwa uku ake rubutawa sa'ad da ake kwancewa?
5. Me farin fulogi ke nunawa?