Alheri Daga Bakin Rumbu: Shawarwari Goma Ga Magidantan Ƙaraye Da Rogo

Da kaka kowa mai kyauta ne. Masara ta shigo gida, dawa ta nuna, ana loda waken suya da rake a motoci daga Zarewa, Fulatan, Turawa da Yammedi, hatsi ya yi araha, hannu ya saki. Haka ma da azumi. Amma yunwa ba a waɗannan lokutan ta fi cizo ba. Tana zuwa ne tsakiyar damina, a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi suka tafi a taki, sabon amfani bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kwantar da yara. A daidai nan ne masu bayarwa ke ƙaranci.

Matsalarmu ba rowa ba ce, rashin tsari ne. Gidan da ya tsara alherinsa tun daga masussuka, ko da ƙaramin ƙarfi gare shi, zai fi amfanar jama'a a kan wanda ke jira sai tausayi ya kama shi. Ga shawarwari goma.

1. A fitar da zakkar hatsi kafin buhu ya shiga ɗaki

Zakka haƙƙi ce, ba kyauta ba, kuma ta hatsi ba ta jiran shekara. Da an sussuke an auna, ta wajaba, muddin amfanin ya kai nisabi, wato mudun Nabi 1,200, kimanin kilo 650, abin da zai kai manyan buhuna shida zuwa bakwai. Gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma. Wadda aka shayar da inji, irin shinkafa da masarar rani da ake yi a bakin dam ɗin Chalawa, ɗaya cikin ashirin ne, saboda wahala da kuɗin mai. Tumaki da awaki in sun kai 40 ana ba da ɗaya, shanu kuwa daga 30 ake farawa. Rake, tumatir da albasa babu zakka a kansu a mazhabar Malikiyya, sai dai a kuɗinsu in sun kai nisabi kuma sun shekara. Duk inda lissafi ya rikice a tambayi malami, ko wakilan Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003. Hikimar fitarwa a masussuka ita ce, buhun da ya kwana uku a ɗaki, zuciya ta riga ta yi masa aiki.

2. A ware buhun marka

Wannan daban yake da zakka, wadda ba a jinkirta ta. Sadaka ce da za a keɓe da kaka, a ɗaure baki, ba za a taɓa ba sai damina ta yi nisa. Mai hali ya ware buhu, marar hali ya ware tiya biyar. Tiyar da za ka bayar a Nuwamba, maƙwabcinka yana da irinta a gida. Wadda za ka bayar a Agusta tana iya zama ita ce tuwon daren gidan gaba ɗaya. Don kada ƙwari su riga mabukata, a shanya hatsin ya bushe sarai, a zuba a buhun PICS mai ruɓi uku ko a duro mai murfi da iska ba ta shiga, a ɗora a kan katako. Hakan ya fi barbaɗa magani a abin da za a ba mutane su ci. Maigida da uwargida su san da wannan ajiya su biyu, don kada ranar da biki ya taso wani ya kwance ta.

3. A fara da na kusa, musamman wanda ba ya roƙo

Mai bara a bakin kasuwa kowa na ganinsa. Wanda ake mantawa shi ne mai rufin asiri: tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani ba aike, bazawara mai yara, magidancin da jinya ta cinye gonarsa, ɗan'uwan da kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ba. A nan idon uwargida ya fi na maigida. Ita ce ke lura cewa kwana biyu ba a ga yarinyar gidan nan a injin niƙa ba, ko ba a ji ƙarar turmi ta katanga ba, ko yaron maƙwabta ya fara zuwa wasa daidai lokacin kwashe tuwo, yana zama yana kallon tukunya. Maigida ya riƙa tambayarta kafin ya raba komai. A kuma raya al'adar ciyayya. In kwano yana fita yana dawowa tsakanin gida biyu a kullum, ranar da ɗaya ya kasa ɗora tukunya ba wanda zai gane, kuma ba wanda zai kwana da yunwa.

4. A kai wa mutum har gida, kada a tara jama'a

Ba a manta da watan Disambar 2024 ba, lokacin da turmutsitsi a wuraren rabon abinci a Ibadan, Okija da Abuja ya ci rayukan mutane fiye da 60, yawancinsu mata da yara. Ko babu asarar rai, tara mutane a ƙofar gida cikin rana yana zubar da mutunci, kuma masu ƙarfin turereniya ne ke samu. A rubuta sunaye a asirce, a aika bayan magariba ta hannun wanda ba ya surutu. Waya kuma ta zauna a aljihu. Hoton dattijuwa riƙe da ƙullin shinkafa a Facebook ko TikTok zai daɗe bayan shinkafar ta ƙare, kuma jikokinta za su gani.

5. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙarfi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa iyayenmu suka riƙe gayya. Matar da mijinta ya rasu gab da damina za ta yi wata huɗu da kwana goma tana takaba, wato kusan daminar gaba ɗaya. In ba a shiga gonarta ba, baɗi marayunta za su ci da saye. Samari goma da fartanya, daga asuba zuwa hantsi, sun gama noman farko. Wani gida ya dama kunu, wani ya kawo ƙosai, an wuce wurin. Mai shanun huɗa ya ba da yini ɗaya. Mai injin feshi ko na ban ruwa ya ba da aro, mai aro kuma ya mayar da shi lafiya a kan lokaci, don ƙofar ta zauna a buɗe ga na baya. Abin lura shi ne lokaci: taimakon noma da ya zo bayan ciyawa ta rufe shuka gaisuwa ce kawai.

6. Rance mai sauƙi, ba mai shaƙe wuya ba

Akwai bashin da ake kira taimako alhali ci da gumin talaka ne: a ba manomi kuɗi ko taki da damina, a yanke masa buhu da kaka a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Mai son lada ya ba da tiya ya karɓi tiya, ya ba da dubu goma ya karɓi dubu goma. A rubuta, a sa shaidu biyu, ko da tsakanin wa da ƙane ne, domin rubutu ne ke tsare zumunci ranar da mantuwa ta zo. In amfani ya lalace, a ɗaga masa ƙafa ko a yafe wani sashe. Mata masu adashi kuma su ƙara ɗan wani abu a kan kowane zubi, a ajiye don haihuwa, jinya da gobara. A naɗa ma'aji, a sami littafi, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa. Asusun unguwa da yawa ba sata ce ta kashe su ba, zargi ne.

7. A riƙi almajiri ɗaya, a san sunansa

Zuba guntun tuwon da ya fara tsami a robar duk yaron da ya yi sallama ba ciyarwa ba ce. Ya fi kyau gida ya ɗauki almajiri ɗaya ko biyu, a san sunansa, garinsu da malaminsa, a zuba masa daga tukunyar da 'ya'yan gida ke ci. A ba shi sabulu ranar Alhamis, takalmi, da rigar sanyi in hunturu ya kama. In aka ga ƙazuwa a hannunsa ko zazzaɓi a jikinsa, a kai shi asibiti. Aikin da za a sa shi kada ya hana shi karatu. Haka maraya ɗan makarantar boko: littafi, kayan makaranta, da kuɗin jarrabawar NECO ko JAMB. Gidaje uku za su iya haɗa kuɗin jarrabawar yarinya ɗaya, kuma sau da yawa wannan ne ke raba wadda za ta ci gaba da wadda za ta tsaya.

8. A ba da jini, a tanadi abin hawa

Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba a abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa, ga masu sikila da yaran da zazzaɓi ya shanye wa jini. Mai lafiya ɗan shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, zai iya ba da leda ɗaya, ƙasa da rabin lita, namiji duk bayan wata uku, mace duk bayan wata huɗu. Matasan unguwa su je asibitin Ƙaraye ko na Rogo a gwada rukunin jininsu, a rubuta sunaye da lambobin waya a ajiye wurin mai unguwa. A kuma yi magana da mai mota ko mai a-daidaita-sahu tun kafin buƙata ta taso, cewa in an buga masa ƙofa tsakar dare zai fito, kuɗin mai kuma asusun unguwa zai biya. Naƙuda ba ta jiran a gama ciniki.

9. A gyara abin da yake na kowa

Tun zamanin sahabbai, da Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, ruwa ke kan gaba a sadaka mai gudana. A yau ba sai ka haƙa sabuwa ba. Garuruwa da yawa suna da famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu saboda roba ko sarƙa da ba su kai kuɗin rago ba. A gyara shi, a yashe magudanar ruwa kafin saukar damina, a cike makwararin da ke cin maƙabarta, a dasa darbejiya ko mangwaro a makaranta a sa wanda zai riƙa ban ruwa har ya kama. 'Yan asalin yankin da ke Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, kafin ku turo kuɗi ku tambayi na gida abin da ya fi damunsu. Tun 2024 ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo ne suka haɗu suka zama Masarautar Ƙaraye, kuma mai unguwa, dagaci da hakimi suna nan a kusa. A sanar da su, don aikin ya sami mai tsaro bayan masu shi sun koma birni.

10. A sa yara a ciki, a kuma kame baki

Yaron da ake aika da kwano gidan maƙwabta, ana koya masa ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce “Inna, wai in ji Umma ga shi a taɓa,” ya juyo ba tare da ya tsaya jiran godiya ba, ya riga ya koyi abin da wa'azi ba zai koya masa ba. A gargaɗe shi kada ya faɗa wa abokan wasansa. Manya ma haka: gori yana ƙone lada, kuma wanda ka taimaka bai zama yaronka ba, balle ka ɗaure masa ƙuri'a ko ka jira ya riƙa zuwa gaisuwa. Kada kuma a ci bashi don a yi suna, ko a hana iyali haƙƙinsu don a burge na waje.

Ba a buƙatar gida ɗaya ya ɗauki goman nan duka. Kafin a sussuke amfanin bana, maigida da uwargida su zauna su yanke abu uku: nawa za a fitar na zakka, nawa za a ɗaure don marka, kuma wane gida ne a unguwa za su sa wa ido har sabon hatsi ya shigo. In gidaje ashirin a unguwa suka yi haka, da wuya wani ya kwana da yunwa ba a sani ba. Allah Ya sa mu dace.