Darasin Fiƙihu: Babbar Sharar Ɗakin Kwana Kafin Damina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa a kan ɗakin kwana yake. Hunturu ya wuce ya bar ƙurarsa a kan azara da ƙarƙashin gado, bazara ta kankama, damina kuma tana tafe. A nan Guci, da sauran garuruwan Dungas da Magarya, babu magidancin da ake tuna wa cewa lokacin sharar gona ya yi. To amma ɗakin da yake kwana a ciki, wanda iyalinsa ke salla a ciki, sai ya shekara biyu ko uku ba a ɗaga gadonsa ba. Ana share tsakar ɗaki kullum safiya, wannan gaskiya ne. Abin da muke magana a kai shi ne babbar shara, wadda ake fitar da komai waje har ɗaki ya koma bango huɗu.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya yi maka rahama, ɗakin kwana a wurinmu masallaci ne. A cikinsa mace take yin sallolinta biyar. A cikinsa tsoho da majinyaci suke salla, kai ma a nan kake nafilarka ta dare. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a ba gidaje rabonsu na salla, kada a mayar da su kamar maƙabarta. Tsarkin wurin da gaɓoɓin mai salla suke taɓawa kuwa abin nema ne, matuƙar ya tuna kuma yana da iko, kamar tsarkin jikinsa da tufafinsa. Ke nan wannan shara tana cikin babin ɗahara, ba hidimar mata ba ce kawai da malami zai ɗauke kai daga gare ta.

Aikin farko shi ne a fitar da kaya tun da sanyin safiya: gado, katifa, tabarmi, matasan kai, akwatuna, kwanukan jere. A nan ne mutum zai ga yawan abin da ya tara ba tare da bukata ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi ya ƙidaya shimfiɗar miji, da ta mata, da ta baƙo, sannan ya jingina ta huɗu ga Shaiɗan, malamai kuma suka ce abin zargi a nan shi ne wanda aka ajiye don alfahari. Tufafin da yara suka fi ƙarfinsu, da zanen da aka shekara ba a ɗaura ba, akwai maƙwabcin da yake bukatarsu. Sai dai a kiyaye: kayan ɗakin mace dukiyarta ce. Miji ba shi da ikon ya kyautar ko ya jefar da ko da murfin kwano ba da yardarta ba.

Yanzu ga mas'alar da ta sa muka rubuta wannan darasi. Mutane da yawa, maza da mata, sun ɗauka cewa idan aka shanya katifa ko tabarmar da yaro ya yi wa fitsari, rana ta busar da ita, warin ya tafi, to ta tsarkaka. A mazhabar Imamu Malik ba haka ba ne. Rana tana busarwa, tana kashe ƙwari, tana korar ɗanshi, amma hukuncin najasa ba ya gushewa sai da ruwa muɗlaƙi, wato ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya da wani abu baƙo ba. Fitsarin yaro kuma najasa ne, namiji ne ko mace, ya fara cin abinci ko bai fara ba.

Daga nan wata mas'ala ta fito wadda masu wanki suke yawan tambaya. Ruwan da aka kaɗa omo ko sabulu a ciki ya sauya, saboda haka ba muɗlaƙi ba ne. Zai fitar da dauɗa da jikin najasar, amma hukuncinta yana nan har sai an ɗauraye da ruwa zalla, ruwan ya fita ba tare da alamar najasa ba. Idan launi ko wari ya ƙi fita bayan an yi ƙoƙari, an yi rangwame a kansa. Wanke najasa kuma ba ya bukatar niyya, ko yarinya ce ta wanke ya isar.

Mun san ruwa yana wuya a bazara, rijiyoyi sun ja baya, mata suna daɗewa a bakinsu. Shari'a ba ta ce a tsoma katifa gaba ɗaya ba. Abin da muka karanta tun muna yara a littafin Ahalari ya wadatar. Wanda ya san inda najasa ta faɗa, wurin kawai zai wanke. Wanda ya tabbata ta faɗa amma wurin ya ɓace masa, shi ne zai wanke duka. Wanda kuwa yake shakkar ko ta taɓa shimfiɗar ko ba ta taɓa ba, yayyafi zai yi da hannu, ba wanki ba. Asalin wannan yayyafi yana cikin Muwaɗɗa: Anas ɗan Malik ya ba da labarin ranar da kakarsa Mulaika ta gayyaci Annabi cin abinci, sai Anas ya ɗauko wata tabarma tasu da ta yi baƙi saboda daɗewa ana amfani da ita, ya yayyafa mata ruwa, Annabi ya yi musu salla raka'a biyu a kanta. Ku duba, tabarmar tsohuwa ce, ba a ce a sayo sabuwa ba. Tsufa daban, najasa daban.

Daɓen ɗaki kuma, idan fitsari ya same shi, ana kwarara masa ruwa har ya rinjayi najasar, kamar yadda aka zuba guga guda a kan fitsarin balaraben ƙauye a masallacin Madina. Ba sai an fasa daɓen ba. Katifar soso mai kauri da wankinta ya gagara, a bar ta ga barci, kada a yi salla a kanta. Majinyacin da ba ya iya sauka, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ba shi sauƙi: a shimfiɗa masa tufa mai kauri mai tsarki a kai ya yi sallarsa. Mai shayarwa ma an yi mata afuwa ga abin da ya sami zanenta daga jariri in tana ƙoƙarin kiyayewa, an kuma so ta keɓe zanen salla.

Abin da za a tarar a bayan akwati shi ma da hukuncinsa. Mushen kunama da kyankyaso ba najasa ba ne, domin ba su da jini mai gudana. Mushen ɓera najasa ne. Kashin akuya da tunkiya mai tsarki ne a wurinmu, na jaki da doki kuwa najasa ne. Amma kasancewar abu ba najasa ba ba ya nufin a kwana da shi.

To ina aikin rana? Aikinta yana kan kuɗin cizo da ƙuma. Kuɗin cizo yana ɓuya a ɗinkin katifa, da mahaɗar katakon gado, da tsagar bango, yana kuma iya wata da watanni bai sha jini ba. Yakan shigo cikin jakar matafiyi, ga shi kuwa yanzu ne ƴan cirani suke dawowa gida don shuka. Zafi mai tsanani yana kashe shi, amma yakan gudu zuwa gefen da ke inuwa, don haka a riƙa juya katifar, a kwance gadon a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗarsa, a toshe tsagar bango da yaɓe. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin mako guda zuwa kwana 10, wanda bai maimaita aikin ba bayan haka zai ce maganin bai ci ba. Game da babbaka su da wuta, Risala ta ce makaruhi ne a kashe kwarkwata da ƙuma da wuta, masu sharhi suka halatta idan sun yi yawa har lalura ta sa. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya kunna harawa kusa da ɗakin jinka a cikin iskar bazara. Jinin ƙuma da ya ɓata zane kuwa, ba a neman wanke shi sai ya yi muni.

Gidan sauro shi kaɗai ne ba a ba rana. A wanke shi a hankali da sabulu, a shanya shi a inuwa don kada maganin da ke jikinsa ya mutu, a ɗinke inda ya yage tun sauro bai zo ba.

Ina jan kunnen ƴan'uwa a kan guba. Fiya-fiya da makamantansa da ake sayarwa a kwalabe a kasuwa, kada a zuba su a kan shimfiɗa, kada a fesa sannan a rufe ƙofa da yara a ciki. Mafi haɗari ita ce ƙwayar da ake sa wa buhun wake don kashe ƙwari. Tana fitar da iska mai kisa, an kuwa sha samun iyalan da suka kwana ɗaki ɗaya da irin wannan buhu ba su tashi ba. Buhun da aka sa wa ƙwaya ba ya zama a ɗakin kwana ko na dare ɗaya. Buhun PICS mai ruɓi uku yana tsare wake ba tare da magani ba.

Kafin a sa tsintsiya, a yayyafa wa ƙasa ruwa, mai shara ya rufe hancinsa, a fitar da yara da masu ciwon ƙirji. Likitoci sun bayyana cewa ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar taga kuma yana sauƙaƙa yaɗuwar sanƙarau. Manya ba su manta annobar 1995 a Nijar ba, da ta 1996 a Kano. Ko a kusa, daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, mafi yawan masu ciwon kuma daga gundumar Dungas suke. Shara ba ta maye gurbin allurar rigakafi, kada wani ya fahimce ni a karkace. Amma tagar da aka toshe da tsumma saboda ɗari, lokacin buɗe ta ya yi.

Da ɗaki ya zama wayam, maigida ya ɗaga kai ya dubi rufi. Ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta cinye cikinta, ya dubi gindin bango inda ɓera ya yi rami, ya hau soro ya gyara indararo. Tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ruwan Satumba 2024 ya kayar da shi, balle ɗakin da ba a yi wa yaɓe ba. Wannan kashi na aikin na maza ne, haka ma ɗaga gado da ɗebo ruwan ɗauraya. Wanda yake ganin girmansa zai zube, ya tuna abin da Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, cewa Annabi ya kasance cikin hidimar iyalinsa a gida har lokacin salla ya yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da suke barin matansu da ƴaƴansu mata ba su san hukuncin tsarki da salla ba. Duk wanda ya karanta wannan takarda, ya kai mas'alar rana da ruwa cikin gida.

A lura da hannu wajen jawo kaya daga lungu, domin bazara lokacin kunama ne, kashe ta kuwa halal ne ko a cikin harami. Saboda irin wannan ne Abu Huraira ya ruwaito umurnin a kakkaɓe shimfiɗa da gefen zane kafin a kwanta, tun da mutum bai san abin da ya hau ta a bayansa ba.

Saura takardu. A ƙasan akwati ana samun yagaggun warƙoƙin Alƙur'ani, da tsofaffin littattafai da gara ta taɓa, da guntun allo mai rubutu. Kada a haɗa su da shara a kai juji. A tattara su daban, a ƙone su a wuri mai tsarki a binne tokar, kamar yadda Sayyidina Usmanu ya sa aka ƙone sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa mus'hafi, ko a binne su inda ƙafa ba ta takawa. Wanda ba shi da wurin yin haka ya kawo su masallaci ya damƙa wa liman ko ladan.

Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.