GUZURIN DA KAZA KE BA ƊAN TSAKO

Jama'a, wani abu ya faru a gidanmu a Sabon Layi, nan Mubi, wanda ya daɗe yana ɗaure mini kai. Da hunturu ya kama, sai annobar nan ta kaji ta shigo unguwa. Kaza ta takure, tana haki da baki a buɗe, kashinta ya koma kore-kore, wata ma wuyanta ya murɗe. Cikin mako guda akurkinmu ya kusa zama kango. Amma akwai wata tsohuwar kaza da ta taɓa yin ciwon ta tashi, ta kuwa ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara ana tsakiyar abin. Manyan zakaru suna faɗuwa, su ko 'yan tsakin nan suna ta kiwonsu. Na ce lalle waɗannan sun tsira. Ashe ban sani ba. Da suka kai wata guda, ciwon ya sake zagayowa, ya bar mini biyu.

Likitocin dabbobi suna kiran cutar Niyukasul, sunan wani gari na Ingila inda aka gan ta a 1926. Ƙwayarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, takan shiga ta hanci da ido da baki. To, kowace dabba in ƙwayar cuta ta shige ta, jikinta yakan ƙera wani abu ya zuba cikin jini, wanda ya dace da wannan ƙwaya ita kaɗai, kamar tukunya da murfinta. Shi ne ke kama ƙwayar ya hana ta ɓarna. Mu kira shi garkuwa. A 1956 wani masani a Amurka, Bruce Glick, ya gane cewa in aka cire wa ɗan tsako wata 'yar jaka da ke kusa da duburarsa, ba ya iya ƙera garkuwar nan sosai.

Ɗan tsako sabon ƙyanƙyasa bai gwanance da wannan ƙira ba tukuna. Saboda haka uwar takan zuba tata garkuwar cikin ƙwanduwa tun ƙwan yana cikinta. Wani Bajamushe, Klemperer, shi ya nuna haka tun 1893. Cikin kwana 21 na kwanci ɗan tsako yana shan ƙwanduwar, sauran kuma ya shige cikinsa gab da fitowa. Watau guzuri aka yi masa. Abin da uwar ba ta taɓa gamuwa da shi ba kuwa, ko ta ciwo ko ta rigakafi, ba ta da garkuwarsa balle ta bayar.

Sai dai guzuri ƙarewa yake yi, ɗan tsako ba ya iya ƙara shi. Kusan kowane kwana 4 ko 5 rabinsa yakan tafi. Ga lissafin da ya dace da 'yan aji biyar, malamai: a kwana 5 saura rabi, a kwana 10 rubu'i, a kwana 15 sumuni, a kwana 20 kashi ɗaya cikin 16. Kun ga inda nawa suka tsaya ranar da ciwon ya komo.

Wani zai ce, to a yi musu rigakafi ran da suka fito mana, a huta. Nan ne wuyar take. Maganin rigakafin nan ƙwayar cutar ce mai rauni, ana sa ta don jiki ya koyi ƙira. Garkuwar uwa kuwa ba ta bambanta baƙon kirki da ɓarawo, sai ta kashe mafi yawanta tun jikin bai gama koyo ba. In an yi da wuri ƙwarai bai kama sosai ba, in an yi jinkiri an bar ƙofa a buɗe. Shi ya sa ake ɗiga na farko a ido, don ido da hanci da maƙogwaro su yi tasu garkuwar a bakin ƙofa, inda ta uwa ba ta da yawa. Sa'an nan a maimaita wajen mako na uku, lokacin da guzurin ya yi ƙasa. Ni a ganina wannan na biyun shi ne mutanenmu suka fi sakaci da shi, alhali kuwa shi ne jigo.

Ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana yin waɗannan magunguna. Akwai wani mai suna I-2, asalinsa daga Ostireliya, wanda ya fi sauran jure zafi, ya kuwa dace da kajin ƙauye, ko da yake shi ma ba a barinsa a rana.

Wanda aka ba kajin makaranta a cikinku, ya rubuta ranar ƙyanƙyasa a littafi, ya nemi malamin dabbobi tun kaka kafin iska ta juya, a haɗa da iyayen a rigakafin. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuma a ware ta mako biyu kafin ta shiga akurki.