Yadda ake haɗa wa kifi ruwan da zai rayu a ciki

Kafin ka je sayen 'ya'yan kifi, fara sanin irin ruwan da aka halicce su a ciki. Tarwada da karfasa da kurungu, irin waɗanda ake kamawa a Tiga da Kainji, 'yan ruwan daɗi ne, gishirin da ke cikin ruwansu bai kai giram 1 a lita ba. Ruwan teku kuwa kowace lita na ɗauke da kusan giram 35. Gishirin jinin kifi yana tsakanin biyun. Shi ya sa ruwa ke kutsawa jikin tarwada ta jar saƙar nan da ke ƙarƙashin murfin kunnenta, ita kuma tana ta zubar da shi ta fitsari. Kifin teku ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa waje, sai ya dinga shan ruwan teku yana fitar da gishirin ta wannan saƙa. Ka saka shi a ruwan rijiya, ya kumbura ya mutu. Ka saka tarwada a teku, ta ƙafe alhali tana tsakiyar ruwa.

To, mu fara da namu na gida. In sabon kwamin siminti ne, kada ka kuskura ka zuba kifi ranar da magini ya tashi. Siminti na fitar da kaifi mai ƙona fatar kifi. Cika shi da ruwa, bar shi ya jiƙa mako ɗaya zuwa biyu, kana zubarwa kana sabuntawa, sannan ka goge bangon ba tare da sabulu ba. Mai kwamin tamfol ya huta da wannan, wanki kawai zai yi.

Sai ruwan kansa. Na famfo yana da kulorin, a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ɗaya ko biyu. Na burtsatse fes yake a ido amma iskarsa kaɗan ce, don haka a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama. In kana da takardar gwajin pH, a nemi tsakanin 6.5 da 8.5.

Ranar da 'ya'yan kifi suka iso, da safe ko da yamma, ɗora mazubinsu a kan ruwan kwamin kamar minti 20, kana ɗiban ruwan kwami kaɗan-kaɗan kana zuba musu, har sanyin biyun ya zo ɗaya. Kada a ba su abinci sai washegari.

Daga nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi jin takaicin yadda ake asara. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce da ba a gani. Mutane na ruɗuwa da taurin ran tarwada, don tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sama, sai a bar ta cikin ruwa mai wari. Ba za ta mutu nan take ba, amma za ta daina ci, gemunta ya fara lalacewa, ka gan ta tsaye a miƙe, kai sama, ba ta motsi. Karfasa ba ta da wannan juriya, da asuba za ka tarar da su sun taru a sama suna haki. Da ka ga haka, tsayar da abinci, rage ruwa ta ƙasa inda dattin ya kwanta, ka ƙara sabo. Ragewa ake yi, ba a juye shi duka lokaci guda. Da hunturu kuma, in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 26 zuwa 30 da suka fi so, cinsu na raguwa; rage abincin, ka rufe kwamin da dare.

Mai sha'awar kifin teku na ado a akwatin gilashi, nasa ya fi tsada da wuya. Gishirin miya ba ya yi, akwai gishirin teku na musamman mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam. A narka shi a wani bokiti daban, cikin tataccen ruwa, ya kwana yana motsi, a auna nauyinsa ya tsaya wajen 1.025. Sannan a bar akwatin yana aiki babu kifi mako huɗu zuwa shida, har ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya su zauna a matatar ruwan akwatin. In zafi ya ƙafar da ruwan, da ruwan daɗi zalla ake cikawa, domin gishirin yana nan bai tafi ba. Ruwan gishiri sai ranar da ka kwashi wani ka zubar da hannunka.