Yadda Ake Gane Asalin Tsohon Keke

Darasina na wannan mako a kan keke ne.

Kwanakin baya kawuna ya tashi sayen wani tsohon keke a kasuwar Bici. Mai keken ya ce Rali ne ɗan Ingila, ya tsuga kuɗi. Fenti baƙi wuluk, ga sitika sabuwa fil an rubuta Raleigh. Kafin a biya sai muka tura shi wurin mai gyaran keke na unguwarmu. Ko kallon sitikar bai yi ba, ya ce ai ko yaro ma zai iya liƙa ta. Ga abin da na koya a wurinsa, da wanda na ƙara bincikowa.

A fara duba tambarin ƙarfe da ke goshin firam, ƙasan kan keke. Na Raleigh, kamfanin da aka kafa a birnin Nottingham na Ingila, kan zalɓe ne, kuma da ƙananan ƙusoshi aka kafa shi. Phoenix na birnin Shanghai a ƙasar Sin shi ma tsuntsu ne, amma mai doguwar jela kala-kala. To na kawu babu tambari sam, sai ramukan ƙusa da fenti ya toshe.

Sai a kifa keken a nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfe, ƙarƙashin gidan feda ko kusa da sirdi. A Rali da aka ƙera daga 1974, harafin farko yana nuna masana'anta: N na nufin Nottingham. Faifan da sarƙa ke hawa ma shaida ne, domin a tsofaffin Rali akan yanka siffar zalɓe a jikinsa. Amma kar a dogara da faifai ko ƙafa, tunda ana canza su kullum. Firam ne ba ya canzawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne rular da ke cikin jakarmu ma tana aiki. Masu tara tsofaffin kekunan tsere na Italiya suna auna faɗin gidan feda: na Italiya milimita 70 ne, yawancin na Ingila 68. Wasu maƙeran kuma suna sa hannu a ƙarfen kansa. Colnago yana huda alamar kulob irin ta karta a mahaɗar bututu. Bianchi, wanda aka kafa a Milan a 1885, an san shi da launi tsakanin shuɗi da kore, sai dai launi ai fenti ne, kowa na iya shafawa.

Da mai gyara ya kankare fentin wurin lamba da wuƙa, bai ga lamba irin ta Rali ba, faifan ma ba zalɓe. Kawu ya ce yana son keken don kai taki gona, amma ba a kuɗin Rali ba. Mai keken ya yi ta rantsuwa, daga baya dai ya rage kuɗin.